Jar Buta a Kan Sanda

Shekara uku ina tsintar sandunan jagororin alhazai a titunan Makka. Kowane jagora yakan ɗaure wani abu a kan doguwar sanda ya ɗaga, don mutanensa su hango shi cikin turmutsutsu: warin silifa, lema, ludayi, ɗankwali. In an gama Hajji sai a yar. Ni kuwa Nuriyya, da 'yan unguwarmu Tandabawi ke kira mai kwasar bola, in bi in tattara. Tun ranar da na ga wata 'yar Brazil ta jera tsofaffin tsintsiyoyi a baje kolin fasaha a Jidda, jama'a na tsaye suna kallo, na rantse nawa tarkacen ma sai ya shiga ɗakin nan.

A 2016 aka ba ni wuri a baje kolin. Sanda arba'in zan kafa a da'ira, ɗaya a tsakiya. Ƙanena Majid zai kai ni da kayan kafin azahar, don ranar ake rufe karɓa. Ta tsakiyar ce har lokacin ban samu wadda ta kwanta mini ba.

Da hantsi na gan ta jingine da bangon wani kanti: jar buta, ɗaure da waya. Ba kowa kusa. Na saɓa ta a kafaɗa na nufi gida, bakina har kunne.

Sai a ƙofar gidanmu na waiwaya. Tsofaffi tara ne a bayana, maza da mata, suna haki.

"Lafiya, Hajiya?" na tambayi ta gaba.

"Lafiya lau, 'yar nan. Butarmu muke bi. Mun kusa Harami?"

Kunya ta rufe ni, sai kuma haushin kaina. Ashe suna zaune ne a inuwar gefen kantin. Zafi ya kayar da jagoransu, aka tafi da shi asibiti, ya ce su jira wanda zai zo ya ɗaga sandar. Ɗawafin bankwana ya rage musu, washegari jirginsu zai tashi.

Majid ya leƙo daga mota. "Yalla, Yaya, saka ta a baya mu tafi. Su hau tasi."

"Su hau su ce ina? Ko sunan masaukinsu ba su riƙe ba."

"Tayyib, Jidda fa? In ba su gan ki ba, wallahi wani za su ba wurin."

"Kai kayan. Ka kafa da'irar, ka bar tsakiya ba komai. In sun ƙi karɓa, ka tsaya a ƙofa har su gaji da ganinka."

Ya ce na haukace, ya ja mota. Na san wahalar shekara uku tana iya tafiya a banza. Na yi ƙwafa, na gyara riƙo.

Tsohuwar ta kama gefen abayata. "Ɗaga sosai, 'yar nan. Malam Kabo ba ya gani da kyau."

Na ɗaga har kafaɗata ta amsa, na ƙirga su tara, muka gangara.