Kujerar Injin Motar Amoateng

Wasiyyar Amoateng guda ɗaya ce, amma ta ishi kowa aiki: a kai gawarsa ƙauye a bayan tsohuwar akori-kurarsa, Fijon da ya ƙare rayuwarsa yana jigilar doya da ita. Injinta kuwa ya riga shi mutuwa. Abin da ya zaunar da matarsa Gyamfua ke nan kan tsohuwar taya a garejin Masta Ntim da ke Suwame, unguwar makanikai, cikin baƙin zanen makoki, tana kallon sabon inji yana lilo a sarƙa saman motar da ta girme shi nesa ba kusa ba.

Ba motar ce damuwarta ba. Tun ranar rasuwar dangin miji suke ƙus-ƙus: mutum lafiyarsa lau ya ci fufu ya kwanta bai tashi ba, to wa ya daka fufun? Yayar marigayin, Maame Pokuaa, ce kan gaba. A ƙauyensu kuwa ba a kashe motar da ta kawo gawa sai an sauke ta, kuma in akwatin gawar ya girgiza a gaban wani, an ce mamacin ne ke nuna wanda ya cuce shi. Matar mamaci ita ke fara tsayawa. In akwatin ya yi rawa ko kaɗan, har jikokinta sai an riƙa nuna su da baki.

Da aka sauke injin, sai ga shi ƙafafunsa ba su hau mazaunin tsohon ba. Ampofo, ɗan ƙanwar marigayin wanda zai tuƙa motar, ya yi tsaki.

"Masta, yi masa walda a jikin ƙarfen motar kawai mana. Tafiya ɗaya ce fa."

"Kai ma tafiya ɗaya ce, sai in haɗa ka da kujerar direba da walda?" in ji Ntim, ko kallonsa bai yi ba. "Inji ba ya zama kan ƙarfe tsirara, ɗana. Matsa ka ba ni haske, wannan cikin naka ya tare rana."

Gajeren tsoho ne mai bakin tsiya, amma hannunsa ba ya ƙarya. Ya yanko kwali, ya manna tsakanin injin da jikin motar, ya zana da ƙusa, ya fitar da siffar a farantin ƙarfe. Ya ja zare daga bakin giyabos, wato gidan giya, zuwa baya don kada injin ya zauna a karkace. Robobin da injin zai zauna a kai ma sai da ya zubar da buhu guda a ƙasa, yana danna kowace da babban yatsa kamar mai zaɓen tumatir, wannan ta yi tauri, waccan ta mutu. Gyamfua ba ta san kan mota ba, amma ta san mutumin da ya san abin da yake yi, kallonsa kaɗai ya ɗan sassauta mata ƙirji.

Ya ɗaure notuna, aka tayar da injin. Ampofo ya tafa. Ntim ya ɗebo ruwa a kofin gilashi, yadda ya saba gwada aikinsa a kan murfin gaba. Sai dai yau bai tsaya a gaba ba. Ya zagaya baya, ya ajiye kofin a tsakiyar bodi, daidai inda akwati zai kwanta.

 Gyamfua ba ta gaya masa komai ba. Ashe ya sani.

Ruwan ya yi 'yar rawa, wadda sai ka sunkuya za ka gani.

"Ai shi ke nan!" in ji Ampofo. "Ko sabuwa fil ba ta fi haka ba."

"Kawo sarƙa."

"Haba Masta! Wa zai ga wannan?"

"Pokuaa za ta gani. Ajinmu ɗaya a firamare, ƙuda bai taɓa wuce ta ba."

Aka sake ɗaga injin, Ampofo na gunaguni. Ntim ya shige ƙarƙashi ya daɗe, ya fito da baƙin mai har gira: bututun hayaƙi ne ke taɓa ƙarfe. Ya lanƙwasa shi, ya canza robar hagu, ya sake zaunar da injin a hankali. Wannan karon ruwan ya tsaya cik. Gyamfua ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya riga ta.

"Uwargida, ajiye hawayenki sai Asabar, ranar jana'iza," ya ce yana goge hannu. "Can za a ƙirga su."

Ranar Asabar Fijon ta haura tudun ƙauyen ta tsaya a ƙofar gidan dangi, jama'a maƙil cikin ja da baƙi. Gyamfua ta fito ta tsaya a gaban akwatin. Maame Pokuaa ta matso, ta ƙura wa akwatin ido, ta daɗe. Sai ta juya a fusace.

"Ampofo! Wa ya ce ka kashe motar?"

"Tana aiki, Maame."

Tsohuwar ta kasa kunne, ta ji gunjin can ƙasa-ƙasa. Ta ɗora tafin hannu a kan akwatin ƙanenta, ta jira. Ba abin da ya motsa sai leɓenta.

"Barcinsa yake yi," ta ce, muryarta ta karye. Ta dubi Gyamfua. "Ke kuma kin tsaya a rana kamar baƙuwa? Zo ki kama masa ta wajen kai."