Dutsen da Labbo Ya Gasa

A damanar 1958, da hantsi, ba hadari ba gajimare, wani abu ya yi rugugi a kan duwatsun Kwatarkwashi ya faɗo gonar Labbo maƙeri. Manoma suka yar da fartanya suka ranta a na kare. Labbo kuwa, wanda ko agogon aro ne sai ya kwance ya ga hanjinsa, ramin ya nufa.

Dutse ne kamar kan akuya, da baƙin ɓawo, inda ya ɓantare kuwa dabbare-dabbare. Tsofaffi suka ce gatarin aradu ne, a zuba masa nono kafin a taɓa. Aka zuba, Labbo ya kai shi maƙera. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: me ke cikinsa?

Ya aika wa abokinsa Iliya, akawun safiyo a Gusau. Iliya ya ce a ajiye, zai rubuta wa wani Bature masanin duwatsu.

Wata biyu shiru. Labbo ya shinshina dutsen, ya lasa, ya kara a kunne. To, maƙeri dai da wuta yake yi wa dutse tambaya, haka ya gada. Ran wata Laraba haƙuri ya ƙare. Ya farfasa shi kaf, ya tula gawayin ƙirya, ya yini yana zuga. Abin da ya samu ɗan ƙarfe ne bai kai ƙwayar wake ba.

Ran Juma'a sai ga Iliya a kan keke, da wasiƙa, bakinsa har kunne.

“Baturen ya ce irin wanga dutse ya daɗe yana yawo a sama tun ba a san mutum ba,” in ji Iliya. “A cikin ƙwayoyinsa akan samu wata iska da ake zaton daga rana take. Can wajensu suna da na'urar fitar da ita. Sharaɗi ɗaya ne, kada wuta ta taɓa shi, iskar guduwa take. Ina dutsen?”

Labbo ya dubi tokar maƙera, ya faɗa masa abin da ya yi. Baƙin ciki ya kama shi, amma son sani bai sake shi ba.

“Da iskar tah hita, ina tat tahi?” ya tambaya.

“Cikin hayaƙi mana,” in ji Iliya.

“Ashe na shaƙe ta,” Labbo ya ce a hankali. “Yini guda ina shaƙar rana, ban sani ba. Tari kawai niy yi.”