Ɗakin da Ja'afaru Ya Rushe

Da hannunsa Ja'afaru ya fara kai wa soron mahaifinsa diga, yana murmushi kamar wanda aka ba kujerar Makka. Shekara uku ke nan. Malam Babayo, tsohon maginin ƙasa na Ƙofar Wambai, ya ce a bar masa ɗakinsa, amma ina! Ɗa ya samu ƙarin girma a ofis, ba zai yarda a ce ubansa na kwana a ginin ƙasa ba. Aka yi na bulo, aka rufa kwano, aka buɗe ƙatuwar taga ta gilashi mai kallon yamma. Unguwa ta yi ta sa masa albarka.

Bana ga bazara ta zo, ga tsoho kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Daga azahar ɗakin ya zama tanda. Idan akwai wuta, fanka ta yi ta kaɗo zafi. Idan babu, Aishatu ƙanwar Ja'afaru ta yi fifita har hannunta ya sage. Gadon bayan tsoho ya cika da ƙuraje, numfashi sama-sama. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: zuciyarsa ba za ta jure wannan zafin har faɗuwar damina ba. Tsoho kuwa magana ta ɗauke masa, sai dai ya riƙa dukan bangon da hannunsa mai lafiya. Kowane bugu a ƙirjin Ja'afaru yake sauka.

Ja'afaru ya shiga gari neman wanda zai gina masa soron ƙasa. Wani ya yi dariya, wani ya tambaye shi ko na akuyoyi ne. A unguwar Ɗan Iya ya samu Elisha, wanda ya koyi gini a hannun Malam Babayo, yanzu yana buga bulo a bakin titi.

"Shekara ashirin babu wanda ya tambaye ni tubali," in ji Elisha. "Ku kuka daina nema, mu muka daina yi. Amma don Maigida, zan zo."

"Kwana nawa?"

"A jiƙa ƙasa da ciyawa ta kwana uku, a sake taka ta. Tubali ya bushe. Bango kuma a hankali yake tashi. Ka sa wata guda."

Ja'afaru ya kama hannunsa. "Don girman Allah, Elisha, ba shi da wata guda!"

Ya roƙa, ya yi magiya, har Elisha ya yarda a tsallake jiƙon. Washegari aka sauke jar ƙasa a tsakar gida, jikokin tsoho na zagaye ta suna wasa. Ja'afaru ya tuɓe takalmin ofis ya shiga kwaɓin da kansa, yana taka yana haki. Kafin la'asar sun jera tubali sittin a rana.

Ya ɗauko ɗaya da ɗanyensa, ya shiga ɗakin da gudu, ya durƙusa.

"Baba, ga shi. Ɗakinka zai dawo."

Tsoho ya karɓa. Ya manna shi a kumatunsa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka yana jin sanyinsa. Aishatu ta daina fifita. Sai ya sauke shi, ya sansana, ya luma babban yatsa a ciki. Tubalin ya dare gida biyu.

Bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito, ta farko cikin wata biyu.

"Ƙasar... ba ta... kwana ba."

"Baba, babu lokaci!"

"Za ta... faɗo... kan yara."

Ya ture tubalin ya faɗi a siminti. Ja'afaru ya dubi taga, inda rana ta fara zubowa kan gadon. Hawaye ya ƙwace masa. Ya tattara ɓaraguzan a gaban rigarsa, ya fita, ya ce wa Elisha a mayar da tubalin duka cikin ramin kwaɓi, a zuba ruwa.