Filin Hunsu

Shekara arba'in da ɗoriya ina aikin gini a Badagiri, ban taɓa yarda a ɗora bulo a kan ƙasar da ban soka mata rodi ba. Yaran yanzu ciyawa kawai suke dubawa su ce wuri ya yi.

Setonji, ɗan abokina Hunsu, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, jikin tsoho ya ƙi. Ya ce a tayar masa da ɗaki ko guda ne a filinsa na bakin ruwa, tun da sauran lokaci."

Na san abin da ake nufi. A zuriyarsu, magidanci a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa ake binne shi, 'ya'ya na kwana kusa. Wanda aka kai makabartar gari, cewa ake bai bar komai ba. Hunsu kuwa a gidan haya ya tsufa.

Muka je da safe. Hunsu ya ƙi zaman gida, sai da aka ɗauko shi a kujera aka ajiye a gindin kwakwa.

"Kai da ƙarfenka," ya ce mini. "Ka soki rabin garin nan, ba ka ƙoshi ba?"

"Kai dai rufe baki, kada tari ya gama da kai kafin in gama nawa."

Na kafa rodi mai ƙafa goma sha biyu na danna. Ƙafa biyu na sama suka ɗan yi gardama, daga nan ya zurma kamar a cikin kunu. Da na zaro, baƙin taɓo ne mai wari, da zaren kwakwa a manne. Na gwada kusurwa huɗu, duk kanwar ja ce.

"Wa ya cike wurin nan?"

"Marigayiya Senami," in ji Hunsu, matarsa ke nan. "Shekara ashirin tana zuba ɓawon kwakwa tana bi da yashi. Kwando-kwando, a kanta." Da alfahari ya faɗa. Ban iya ce masa fadama kawai Senami ta lulluɓe ba, ba ƙasa ta yi ba.

Setonji ya haƙa da shebur. Kafin ramin ya kai masa gwiwa, ruwa ya rufe masa idon sawu.

"Baba, in aka zuba dutse fa?"

"Za ta haɗiye ta nemi ƙari. Hanya ɗaya ce. A shimfiɗa kankare falle guda da rodi a ciki, ɗaki ya zauna a kai kamar tulu a faranti. Amma ba a fasa shi. Ka huda, ruwa ya hau, bango ya tsage kafin damina biyu."

"To a bar ramin kabarin tun yanzu, a kewaye shi da bulo."

"Rijiya za ka gina wa ubanka?"

Bai kamata in faɗa a gaban mai jiki ba, amma magana ta riga ta fita. Setonji ya sunkuyar da kai.

Hunsu ya daɗe yana kallon ruwan da ke ta ƙaruwa a ramin.

"Wato ɗaki zai tsaya, in dai ba ni a ciki."

"Zai tsaya."

"Kai da ka iya komai."

"Wannan ban iya ba, Hunsu."

Ya yi tari, ya share baki da gefen zaninsa, ya juya wajen ɗansa.

"A can makabartar, wa za a kwantar kusa da ni?"

Setonji ya dube ni. Ni ma ban sani ba.