Muryar Kanari a Wutar Gidanmu

Ƙawayena ne suka laƙaba masa Kanari, ni kuma ban musa ba. Muryarsa siririya ce, kuma in ya fara magana kalmomin hawa kan juna suke yi kamar masu rububin shiga mota. Ni dai a kunnena babu kiɗan da ya kai ta daɗi. Tun muna jami'a nake sonsa, da ya tafi wata ƙasa can tsallaken teku ya kama aiki a shagon sayar da tsofaffin kaya, sai son ya ƙara kama ni kamar zazzaɓi.

Matsalata ɗaya ce, Baba. Bai taɓa ganin Kanari ba, bai taɓa jin muryarsa ba, kuma da gangan na hana. Baba ya yi rayuwarsa yana rubuta bayanan shaidu a kotu, kuma ya fito da hukuncin da babu ɗaukaka ƙara a kansa: duk mai saurin baki maƙaryaci ne. Ya taɓa korar mai tallan katifa daga ƙofar gida tun kafin mutumin ya gama sallama. Na san idan ya ji Kanari, aurena ya mutu tun ba a haife shi ba.

Shi kuwa Kanari, da na ce masa Baba ba ya son saurayin waya, sai ya samu wani tsohon rikoda a shagonsu, irin mai faifai biyu da zare a tsakani. Ya ɗauki gaisuwarsa ga Baba a kai, ya naɗe injin da bargo ya aiko. Wai muryar da ta tsallako teku a cikin akwati ta fi daraja. Na rungume kwalin na yi kuka, rabi don so, rabi don tsoro.

Ina ƙoƙarin cusa filoginsa a soket ɗin falo sai Yaya ya shigo. Yana aiki a kantin kayan lantarki, don haka ya ɗauki kowane soket na gidan nan tamkar ɗansa.

"Ke Auta, saki!" ya daka mini tsawa. "Ba ki ga haƙoransa biyu ne masu faɗi ba, namu kuwa rami uku? Allah ne ya taimake ki bai shiga ba. Wutar ƙasarsu rabin tamu ce. Da kin jona shi, da hayaƙin saurayinki za mu shaƙa."

Washegari ya zo da wata taransifoma mai nauyi kamar dutse, wadda ke rage ƙarfin wuta. Bayan an ci abincin rana ya ajiye ta a kan tebur, ya jona rikoda a jikinta, ya goge hannu yana hura hanci. Baba na kan kujerarsa da kofin shayi. Mama ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Ni na raɓe bayan labule.

Faifan biyu suka fara juyawa. Sai wata murya ta cika falon, mai kauri, mai nauyi, tana taka kowace kalma a natse.

"Baba, ina gaishe ka da girmamawa. Ni ba mai dukiya ba ne. Abin da nake da shi sana'a ce, da kuma niyyar kada 'yarka ta yi nadamar sanina."

Na leƙo a firgice. Wane ne wannan? Kalmomin na Kanari ne, amma muryar ta wani dattijo ce da ya ga jiya ya ga yau. Baba ya ajiye kofi. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai har zaren ya ƙare.

"Kun ji mutum," ya ce. "Wannan ko a gaban alƙali ba zai yi tuntuɓe ba. Auta, ashe kina da hankali?"

Mama ta ce, "Ni dai Allah ya sa ba sa'anka ba ne."

Na ja Yaya zuwa kicin. Ya juya injin, ya karanta ɗan ƙarfen da ke bayansa, sai ya fashe da dariya har yana riƙe firij.

"Ƙarfin wuta kawai na rage," ya ce. "Amma wuta tana da bugu, kamar zuciya. Tasu tana bugawa sau sittin a daƙiƙa, tamu hamsin. Abin da ke juya faifan tsohon injin nan da bugun yake tafiya. Wutarmu ce ta ja wa Kanarinki birki, ta mai da shi babban mutum."

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri."

"Ni? Ai ni na haɗa auren nan da taransifomata."

Kwana biyu Baba na sa a kunna masa zaren, har ya kira maƙwabci ya ji. A na uku ya ce a kira masa yaron a waya. Na shige ɗaki na yi wa Kanari horo. Na ce ya ja numfashi bayan kowace kalma, ya sauke murya har cikin ƙirji, ya ɗauka yana tafiya a cikin ruwa. Ya rantse zai iya.

Na buɗe sifika na ajiye wayar a gaban Baba.

"Ina... wuni... Baba," in ji Kanari, kamar wanda ya haɗiye ƙashi.

"Lafiya lau, ɗana. Mura kake yi? To, na ji saƙonka, kuma ya kwanta mini."

Shi ke nan, madatsar ta ɓalle. "Wayyo Baba na gode na gode Allah ya ƙara girma wallahi tun jiya ban iya cin komai ba ni fa ko gobe aka ce in taho zan taho kuma Baba akwai wani agogon bango a shagonmu da na ɓoye maka..."

Baba ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya dubi wayar, ya dubi rikoda, ya dube ni.

"Wane tsuntsu ne ya shiga layin? Ina mutumin da na sani?"

Na durƙusa, hawaye na zuba, na faɗa masa komai, da bugun wuta da birki. Yaya ya ƙara bayani yana danne dariya. A waya kuwa ba ka jin komai sai numfashin Kanari. Baba ya ce a sake kunna zaren. Ya saurara har ƙarshe, wannan karon ido a buɗe.

"Kai mai lantarki," ya ce wa Yaya, "injin nan yana ƙara wa mutum kalmar da bai faɗa ba?"

"A'a Baba, ja kawai yake yi."

"Ashe maganar tasa ce. Gaskiya ce take gudu, ban taɓa cin karo da irinta ba." Ya jawo wayar kusa da bakinsa. "Kai yaro, kana ji?"

"Ina ji Baba ina ji sosai wallahi..."

"Tsaya nan! Ka taho, na ba ka izini. Amma duk abin da za ka faɗa mini, ka faɗa wa wani inji irin wannan a can inda kake tukuna, ka zo mini da zaren. Ka zauna a gabana ka yi shiru, mu saurare ka tare."