Injin Ƙarshe a Jeri

Buhunan zaitun Kawu Shazli sun fara ɗumi a bayan mota. Duk wanda ya tashi a birnin Sfax ya san ma'anar haka: in ba a matse su yau ba, man zai yi tsami, wahalar shekara ta tashi a banza.

"Da tun safe na zaga injinan matsar man da kaina, da yanzu ina dangwala burodi a sabon mai," in ji Kawu. "Amma na biye wa mai tabarau."

Munzir, ɗan ƙanwarsa, ko ɗagowa daga kwamfuta bai yi ba. Manhajar da ya rubuta ba tambaya take aikawa ta zauna jira ba, da kanta take tafiya. Tana tsaka da aiki sai ta naɗe lissafinta, ta bi intanet, ta sauka a kwamfutar wani injin matsar mai, ta ɗora daga inda ta tsaya. Sharuɗɗa kawai ya gindaya mata da yaren kwamfuta na Prolog: injin ya kasance kusa, yana da gurbi yau, ba ya gauraya zaitun mutane. Yadda za ta nemo kuwa, ruwanta.

"Tana ina yanzu?"

"Garin Jibinyana. An ɗauke musu wuta tana ciki."

"To, Allah ya ji ƙanta."

"Haba Kawu! Duk mararrabar da ta wuce tana barin kwafinta. In shiru ya yi yawa, ta bayan sai ta ɗauka an ce a'a, ta kama wata hanya."

"Ashe ta fi ka hankali. Kai da ka je neman aure aka ce maka a'a a gidan su Widad, ai har karensu ya gaji da ganinka."

Munzir yana cikin dariya manhajar ta dawo da amsa: akwai gurbi bayan la'asar, a injin Firjani.

Fuskar Kawu ta haɗe. Tun rigimar wata bishiya da ke kan iyakar gonakinsu, shi da Firjani ko gaisawa ba sa yi.

"Goge shi."

"Na san da maganar, Kawu, shi ya sa na ajiye shi a ƙarshen jeri. Ba ta isa gare shi ba sai da kowa ya ce babu."

"Sake tura ta."

"Ko sau nawa na tura ta, wurinsa za ta ƙare. Ita ba ta san gaba ba."

Kawu ya zagaya bayan mota, ya cusa hannu can cikin buhu, ya zaro, ya shinshina. Ya jima a tsaye yana kallon hanya.

"Shiga mu tafi. Kai za ka yi sallama, kai za ka yi magana. In ya kawo shayi, ka ce ina azumi."

"Kawu, yau fa Laraba."

"Shiga mota na ce!"