Yanar Idon Inna da Kifin Kogo

Laifin Yaya Heibormi ne tun farko. Shi ya dawo daga jami'a a Shillong ya cika mana kunne da kifayen kogunan dutsen garinmu, farare fat, marasa ido, waɗanda yake bincike a kansu. To da yanar ido ta rufe wa Inna idanu biyu, likitoci kuma suka sauka a garin Jowai kusa da mu suna aikin ido kyauta, sai ta samu abin fakewa ta ƙi zuwa.

"Kifin Heibormi wa ya yi masa aiki? Ga shi nan yana ƙiba abinsa."

Tsoro ne kawai, duk mun sani. Matar da ke gane kurkum mai kyau daga nesa, yau ita ke laluben ƙofar ɗakinta. Abin yana ci mini rai. Ni ce auta, a al'adarmu gida da Inna duk a wuyana suke, na yi lallashi har na gaji. Likitocin kuma sun kusa tashi. Na kira Yaya na ce ya zo ya gyara ɓarnarsa.

Ya zo, ya zauna a ƙasa yana ɓare mata goro.

"Inna, ban ƙarasa miki labarin ba. Kifin nan har yanzu yana ɗauke da gadon ganin ja da kore a jikinsa, na kakanninsa da suka zauna a haske. Ajiye yake, ba mai taɓawa, yana lalacewa a hankali. Shi ba likitan da zai buɗe masa. Ke naki lafiyarsa ƙalau, labule kawai aka ja."

"Au, ni ce kifin ke nan? Ɗan nema, da kuɗin kurkumna na kai ka makaranta ka koyo zagina?"

"Ke kika fara haɗa zumunci da shi."

Ta kai masa duka, ta samu iska. Sai ta bar hannun a rataye.

Da safe na tarar da ita a bakin ƙofa, ta yafa mayafin zuwa coci, tana faɗan mun makara zuwa wurin likitocin.

Ranar da aka kwance bandejin, Yaya ne tsaye a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa, har na tsorata ko aikin bai yi ba. Sai ta miƙa hannu, bai kauce ba, ta shafa gefen kansa.

"Heibormi," ta ce, "yaushe ka yi furfura, ba wanda ya gaya mini?"